Farar Rigar Aro

Daga Auta zuwa ga Yaya

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaishe da Inna da jiki. Da fatan ƙafarta ta yi sauƙi. Ka gaishe min da maman yara da yaran duka, musamman Malama, wadda na san ita ce ke karanta wa Inna wannan takarda a kunne, tana ƙara gishiri inda ta ga dama. Ni lafiyata ƙalau.

Sakamako ya fito, Yaya. Na ci, kuma ni ce ta ɗaya a ajinmu na haɗa magunguna. Da na ga sunana a saman allo, kai ka fara faɗo min a rai, ranar da ka ajiye jakar makaranta ka tafi koyon walda don ni in ci gaba.

Saura mataki ɗaya. Ba a ba mutum lasisi sai ya yi shekara guda ta koyon aiki a asibiti. Na kai takarduna babban asibiti, sun ce in jira. Kafin nan na samu wuri a wani babban kantin magani, irin mai ƙofar gilashi da na'urar sanyi. Na fara tun makon jiya.

Ɗakin makaranta an karɓe, don haka na koma zama da wata mata mai wanki da guga. Igiyar shanya ce ta raba ɗakin biyu. Ina kwana ƙarƙashin rigunan mutanen da ban sani ba, wani lokacin su ɗigo min a goshi. Mutuniyar kirki ce, sai dai munshari.

Ka ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, komai na tafiya daidai.

Taku,
Auta

Daga Yaya zuwa ga Auta

Likita,

Wa alaikis salam. Daga yau sunanki ke nan, ko ki so ko ki ƙi. Muna lafiya. Ƙafar Inna tana nan yadda kika bar ta, amma ranar da takardarki ta zo, da ita ta zaga layin nan kaf, gida-gida. Sau uku ta sa Malama ta maimaita wurin ƙofar gilashin. Yanzu duk wanda kansa ya sara sai ya tare ni ya ce in tambayi Likita. Har mai faci ya ce in gaya miki gwiwarsa na ƙara idan ya durƙusa. Na ce masa ya zuba mata baƙin mai.

Na samu ragowar ƙarfe daga wani aiki, na fara haɗa miki kantocin jera magani. Ranar da za ki buɗe naki kantin, ba za ki nemi mai walda ba.

Ga namu albishir. Malama ta ci jarrabawar shiga makarantar kwana ta kimiyya. Ita kaɗai aka ɗauka a makarantarsu. Malaminsu da kansa ya zo shagona, ya tsaya cikin tartsatsi yana gaya min. Za su fara bayan damina. Karatun kyauta ne, amma kin san kyautar makaranta: katifa, akwati, littattafai, kayan sawa, kuɗin mota. Aiki ya ja baya a wurina, idona kuma yana ruwa idan na daɗe a kan wuta. Na ce wa maman yara kada ta damu, tunda Allah ya sa gwaggonta ta kama aiki daidai lokacin.

Ba wai ina ɗora miki ba ne. Kawai ki faɗa min wane ɓangare za ki ɗauka, in san nawa.

Malama ta tara yaran layi a zaure tana raba musu tsakuwa, wai safe, rana da dare, bayan cin abinci. Ta ce ita ma irin aikinki za ta yi.

Yayanki

Daga Auta zuwa ga Yaya

Yaya,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Inna da mutanen gida. Ina lafiya. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, aiki ne ya sha min kai.

Na yi murna da labarin Malama ƙwarai. Maganar kayanta, a ɗan dakata min tukuna. Kuma don Allah ka daina kashe ƙarfenka a kan kantocin nan, ka sayar da shi. Mutanen layi su ma a daina turo min saƙonsu.

Zan rubuto da tsawo idan na samu sarari.

Auta

Daga Yaya zuwa ga Auta

Auta,

Muna gaisuwa. Kowa lafiya.

Wata biyu muna leƙen hanya, sai ga takardar da ba ta cika tafin hannu ba. Malama ta karanta wa Inna, Inna ta ce ta juya bayan ko akwai saura. Babu.

Direban da ke kai miki saƙo ya ce ya hango ki ta gilashi cikin farar riga, kina magana da wata mai babbar mota. Ya ɗaga miki hannu, kika shige ciki. Na ce masa wataƙila ba ki gan shi ba. Ya yi dariya.

Na gane. Ƙarfena bai dace da kantin gilashi ba, mutanen layinmu kuma sun yi miki datti. Ba komai. Ban biya miki makaranta don ki biya ni ba, kuma ban taɓa goranta miki ba, yau ma ba zan fara ba. Amma yarinyar nan ba ta yi miki laifin komai ba. Idan ba za ki iya ba, ki ce ba za ki iya ba, in san inda zan nufa. “A dakata” maganar ofis ce, ba a yi wa ɗan'uwa ita.

Inna ta ce in gaishe ki, ta ce kada in rubuta miki magana mai zafi. Na ce to.

Yayanki

Daga Auta zuwa ga Yaya

Yaya,

Ina gaishe ka. Wannan takarda ba ta Inna ba ce. Ka karanta ta a shago, kai kaɗai.

Na ce na samu wuri a kantin magani, kuka ji kamar na ce na zama mai ba da magani. Na ga kun yi murna, na kasa gyarawa, don na san a kunnen Inna kowace kalma ke sauka. Ga aikina: ina sauke kwalaye daga mota, ina goge kantoci, ina share ƙasa, ina wanke bayan gida. Farar rigar ta kantin ce, duk wanda zai fito gaba yana ɗaukarta a ƙusa. Ranar da direba ya gan ni, kwalin ruwan roba na kai wa matar nan mota. Na gan shi sarai. Na gudu ne don kada ya ga tsintsiyar da na jingine a bakin ƙofa.

Takardar shaidar karatun da ke rataye a bangon kantin ta ɗan mai kantin ce. Ajinmu ɗaya. Ba mugu ba ne, yana gaishe ni da fara'a, har yakan ce wa baƙi, “Wannan ita ce ta ɗaya a ajinmu.” Shi ya samu gurbin koyon aiki tun kafin sakamako ya fito.

Gurbin iri biyu ne. Akwai wanda ake biyan albashi, akwai wanda ba a biya. Na farko na je nema a babban asibiti. Mutumin da ke ofishin ya duba takarduna, ya gyaɗa kai, ya ce, “Madalla. Wa ya turo ki?”

Na ce, “Ba kowa, ranka ya daɗe. Na ga sanarwa ne.”

Ya ce, “Mahaifinki a ina yake aiki?”

Na ce ya rasu, yayana ne ke riƙe da mu, mai walda ne.

Ya mayar da takardun cikin ambulan a hankali, ya ce, “'Yata, ki ci gaba da leƙowa.” Wallahi Yaya, da tausayi ya faɗa. Da ya daka min tsawa da ya fi min sauƙi.

Na biyun na samu, a wani asibiti can ƙarshen gari. Waɗannan ne watannin da ka ji ni shiru. Aiki daga safe zuwa yamma, ba ko sisi. 'Yan uwana masu koyo ana sauke su a mota, su yi odar abincin rana ta waya. Ni na roƙi mai kanti ya mayar da ni aikin yamma, in tashi daga asibiti in wuce kanti. Rabin hanya a ƙafa nake yi. Da rana in sha ruwa in ce musu ba na jin yunwa. Wata rana ina tsaye ina ƙirga ƙwayoyi, sai na farka a ƙasa, ƙwayoyin sun watse ƙarƙashin kujeru. Bayan nan na makara sau da yawa. Shugabar sashen ta kira ni ta ce, “Kanki yana ja, amma aikin nan na son wanda hankalinsa ke wuri ɗaya. Ba ki da wanda zai riƙe ki shekara guda kawai?”

Shekara guda kawai. Ta ba wani gurbina.

Kuma akwai wa'adi. Idan ban fara koyon aiki ba kafin ƙarshen shekarar nan, sakamakona ya mutu, sai in sake komawa aji. Ina ɗan tara abin da zan iya, ko zan sake gwadawa a ɗauka ta ƙarshe ta masu koyo. Shi ya sa na ce a dakata. Na ce ka sayar da ƙarfen ne don ban ga ranar da zan buɗe kanti ba.

Da ina zaton jarrabawa ce ƙofar. Ashe bayanta akwai wata, ita kuma ba karatu ke buɗe ta ba.

Ka yafe min.

Auta

Daga Yaya zuwa ga Auta

Auta,

Assalamu alaiki. Ya jikin naki? Kina cin abinci kuwa? Inna lafiya, ba ta san komai ba. Za ki ga rubutun ya yi kyau, Malama ce ke riƙe da biro. Idona ya matsa, da rana ma kamar hayaƙi nake gani.

Ni zan nemi yafiya. Na jefe ki da magana kina ɗauke da kwali a ka. Kwana biyu ban iya cin abinci ba.

Amma tunda mutum suke tambaya, mu ma muna da mutum. Kin tuna Alhajin da na yi wa ƙofar gida da tagogi? An ce ƙaninsa babba ne a harkar asibitoci. Na sa rigata mai kyau na je. Na wuni a bakin ƙofar da na ƙera da hannuna, maigadi yana ce min ana zuwa. Har na lura wata ƙusa ta saki, na gyara musu da dutse, tunda zaman banza nake.

Da la'asar ya fito. Ya gane ni, ya ce, “Mai walda! Ina ka shige?” Na durƙusa na yi masa bayani. Ya ce, “Ta ɗaya a aji? A gidanku? Kai, Allah mai iko.” Ya ce akwai tsohuwarsa da ke buƙatar mai kula da shan maganinta, ko za ki zo, ga ɗaki ga abinci. Na ce ranka ya daɗe, gurbin asibiti muke roƙo. Ya ce, “To, to, zan yi magana.” Ya sa hannu a aljihu ya ba ni na mota. Na karɓa, Auta. Ban so ba, amma hannuna ya riga ni.

Ki koma ofishin nan ki ambaci sunansa. Ya ce zai yi magana, kuma a gaban mutane ya faɗa.

Maganar Malama ki bar min. Zan sayar da injin walda in ta kama. Abin da kika tara naki ne, kada ki taɓa.

Yayanki

Daga Auta zuwa ga Yaya

Yaya,

Ina gaishe ka da jiki. Ka je a duba idon nan, kada ka tsaya sa masa ruwan sanyi. Ka gaishe da Inna da kowa.

Na je. Mutumin ofishin ya ji sunan Alhajin ya miƙe zaune, ya ce lallai an bugo waya daga gidan. Ya buɗe littafinsa ya duba, sai ya ɗago ya ce, “Ke ce 'yar ƙanwar matarsa?” Na ce a'a. Ya ce, “To ita aka yi wa magana.” Na gode masa na fito. Kada ka koma gidan, Yaya. Kada ka sake durƙusa wa kowa saboda ni.

Asibitin ƙarshen gari sun ce za su sake ɗaukata, ba albashi, kamar da. Na zauna na auna. Abin da na tara ba zai kai ni rabin shekara ba, zan sake faɗuwa ne a gaban mutane. Idan kuma ka sayar da injin, me za ku ci?

Mai kanti ya daɗe yana so in riƙe masa ɗakin ajiya dindindin, da ƙarin albashi, da sharaɗin ba zan tafi wani koyon aiki ba. Jiya na sa hannu. Ranar ɗauka ta ƙarshe ta wuce ina jera kwalaye, ban mutu ba.

Na ba direba abin da na tara, da akwati da zannuwan gado. Duk wata zan riƙa aikowa. Ni ba ni da wanda zai riƙe ni shekara guda, amma Malama za ta samu. Idan aka tambaye ta wa ya turo ta, ban san me za ta ce ba, sai dai aƙalla ba za ta faɗi don yunwa ba.

Abu ɗaya ke damuna. Ka ce idonka ba ya ganin rubutu. To wa ya karanta maka waccan takardar?

Auta

Daga Yaya zuwa ga Auta

Auta,

Muna gaisuwa. Inna ta kwanta kwana biyu, ta tashi. An duba idon, sun ce sai aiki, kuma ko an yi ba zan koma kan wuta ba. Yaron shago na bar wa injin, yana kawo abin da ya samu.

Saƙonki ya iso. Akwatin yana nan a ɗakin Inna, ba a buɗe ba.

Kin tambaya, zan faɗa miki. Na kai takardar kusa da fuska, na nesanta ta, layukan suna rawa. Sirrinki ne, ba zan kai wa mutumin waje ba, maman yara kuma ba ta karatu. Na kira Malama shago. Na ɗauka yarinya ce, za ta karanta ta manta. Ta karanta tiryan-tiryan, ba ta ƙara gishiri ko ɗaya ba. Da ta zo wurin da kika faɗi, ta tsaya, ta ce, “Baba, Gwaggo ba ita ce ta ɗaya ba?” Na ce ita ce. Ta ci gaba.

Daga ranar ta daina tara yara a zaure.

Da lokacin tafiya ya zo ta ce ba za ta ba. Na lallashe ta, na yi faɗa, har na ɗaga hannu, abin da ban taɓa yi ba. Malaminsu ya zo ya yi mata nasiha har muryarsa ta dushe. Ta bari ya gama, ta ce, “Malam, idan na gama, wa zai turo ni?” Ta juyo gare ni ta ce, “Ka bar karatu don Gwaggo, Gwaggo ta bar nata don ni. Ni kuma don wa zan bar nawa? Gara in bari tun yanzu, kafin a kashe komai a kaina.”

Shekararta goma sha biyu, Auta.

Makarantar ta jira mako biyu, ta ba wani gurbin. Ɗan mai gidan man da ke bakin titi ne ya tafi. Yanzu tana zuwa wurin telar layinmu. Inna an ce mata an ɗage buɗe makaranta.

Ki faɗa min yadda zan yi da kayan. Ko za a iya warware hannun da kika sa? Na san amsar, amma bari in tambaya.

Yayanki

Gwaggo, ni ce Malama. Baba ya ce in rufe, bai san na ƙara wannan ba. Kada ki yi fushi da ni. Na iya sa maɓalli yanzu, kuma tela ta ce hannuna ba ya rawa. Ki ci kuɗinki ki ƙoshi, ki daina shan ruwa da rana. Idan na ƙara girma, in akwai wurin shara a kantinku, ki kama min. Ina da sauri, kuma ba na fasa kaya.